Sarki Min Tazaung na Tiriwadi da Jan Buhun Karammiski

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Sarki Min Tazaung, Mai Farar Laima, a birnin Tiriwadi da ke gaɓar yamma ta kogin Irawadi, ranar Asabar da hantsi, cikin watan Kason na shekara ta ɗari tara da goma sha biyu bisa lissafinmu. Mahaifinsa shi ne Sarki Min Sitta, na huɗu a jerin sarakunan wannan gida, mahaifiyarsa kuwa Sarauniya Shin Mya, babbar matar fada. Bayan shekara biyu ta sake haihuwar namiji ranar Laraba, aka raɗa masa suna Min Lun, daga nan ba ta ƙara ba. Sauran 'ya'yan sarkin duka mata ne, don haka su biyun nan kaɗai ke da haƙƙin zama ƙarƙashin laima, kuma tun suna goye kowa a fada ya san abin da hakan ke nufi: ranar da ɗaya ya hau, ɗayan zai shiga jan buhu. Jinin sarauta ba ya taɓa ƙasa, saboda haka akan sa ɗan sarki cikin buhun karammiski, a ɗaure bakin, a ba kogi. Haka aka yi wa baffanninsu biyu, haka aka yi wa ƙanin kakansu.

Wannan tarihi daga bakin Nga Pauk ya fito, shugaban matuƙan jirgin sarki, mutumin da ya yi wa sarakuna uku tuƙi, wanda kada ya kama ya kuma saki don dole, wanda harsashin Turawa sojojin haya ya shiga cinyarsa ya rasa hanyar fita, ga shi yau yana raye da haƙoransa, tsararrakinsa kuwa duk sun zama toka. Bai taɓa riƙe abin rubutu ba, bai kuma ga abin da ya rasa ba. Wani sufi ne ya zauna gabansa yana zanawa a ganyen giginya. Duk wanda ya zo da labari daban da wannan, a tambaye shi ko yana cikin jirgin.

Karatunsa da tarbiyyarsa

A shekara ta ɗari tara da ashirin da ɗaya aka aske kawunan 'yan'uwan biyu rana ɗaya, aka yafa musu rawayen mayafai, aka miƙa su gidan sufaye na bakin tudu, inda suka koyi karatu da rubutu da nassin addini da ilimin hisabi da hukunce-hukuncen magabata. Da suka fito aka haɗa su da malaman hawan giwa da na jifan mashi. Min Tazaung yaro ne mai nauyin baki da tsananin natsuwa, ga manyan kunnuwa, shi ya sa ƙaninsa ba ya kiransa da kowane suna sai Kunnen Giwa. Min Lun kuwa bakinsa ba ya hutawa, sufaye sun gaji da dukansa sun koma dariya.

Nga Pauk aka ɗora wa koya musu iyo, domin a lokacin ma, yana saurayi, babu mai ja da shi a ruwa daga Tiriwadi har bakin teku. Babban ya iya cikin damina ɗaya. Ƙaramin kuwa da ruwa ya kai masa gwiwa sai ya kumbura kumatu ya runtse idanu ya ƙame, abin da ya sa yayansa ya laƙaba masa Kwaɗo.

“Kwaɗo, kwaɗin duniya suna iyo, kai naka irin na tudu ne?”

“Yaya, wahalar me zan sha? Ai a ɗaure za ka jefa ni. Mai iyo da marar iyo duk ɗaya ne a cikin buhu.”

Min Tazaung bai yi dariya ba. Ya fito daga ruwan, ya ɗaura zanensa, ya yi tafiyarsa. Tun daga ranar bai sake shiga kogi don wasa ba.

Aikinsa da aurensa

A shekara ta ɗari tara da talatin mahaifinsa ya ba shi ƙasar Kanbe ya ci, ya zauna a can shekara goma, ya gyara tsofaffin madatsun ruwa guda biyu da suka toshe tun zamanin kakansa, har manoma suka riƙa girbin shinkafa sau biyu a shekara. A shekara ta ɗari tara da talatin da biyu ya auri Shin Nwe, 'yar wani hakimi daga tuddan gabas, mace mai haƙuri da iya tafiyar da gida, wadda ta zama babbar sarauniyarsa har ƙarshen rayuwarsa. Min Lun ya ƙi karɓar ƙasa, ya kuma ƙi aure. Idan aka matsa masa sai ya ce ba zai ɗauko 'yar mutane ya sa ta takaba da gangan ba. Ya zauna a fada yana kaɗa molo mai lanƙwasa, yana tsokanar fadawa.

Hawansa gadon sarauta

Sarki Min Sitta ya yi wafati a watan Tagu na shekara ta ɗari tara da arba'in, aka buɗe wa Min Tazaung farar laima yana da shekara ashirin da takwas. Ba a gama shan ruwan mubaya'a ba Waziri Maha Bala, dattijon da ya ɗaure buhun baffannin sarki da hannunsa, ya shigo da jan karammiski a ninke bisa faifan zinariya, ya ajiye, ya kai goshi ƙasa.

“Ranka ya daɗe, kogi bai riga ya cika ba. Yanzu ne lokacin.”

“Waziri, ƙanena ko kaza ba ya iya kamawa. Wa zai yi wa tawaye?”

“Shi ba zai yi ba, ranka ya daɗe. Da sunansa za a yi.”

Sarki ya sa aka kira masu duban taurari, ya tambaye su ko yadaya na shiga wannan al'amari, wato dabarar nan da kowa ke yi idan an hango masa masifa: ya riga ta aukuwa, ya aikata kamanninta da hannunsa, idan ta zo ta tarar an gama sai ta wuce. Suka yi lissafinsu, suka ce tana shiga, da sharaɗin kada a rage komai: a sa shi a buhu, a buga tambura, a jefa a tsakiyar kogi a idon jama'a, a yi masa jana'iza cikakkiya, a ciyar da sufaye da sunansa. Abin da ya faru a ƙarƙashin ruwa kuwa, suka ce, tsakanin kogi ne da mai ƙarfin numfashi. Sarki ya amince nan take, bai tsaya ya tambayi abin da ke bayan jana'izar ba.

Mai ƙarfin numfashi a Tiriwadi mutum ɗaya ne, kowa ya san shi. Aka fita da rana tsaka, matuƙa suna jan filafilai, gaɓa ta cika maƙil. Min Lun ya zauna cikin buhun har wuya, fuskarsa kamar garin shinkafa, amma bakin bai mutu ba.

“Yaya, in Pauk ya yi latti, kai za ka gaya wa Inna, ba ni ba.”

“Kwaɗo, rufe baki ka cika ciki da iska.”

“Pauk, wuƙar nan taka tana da kaifi kuwa? Kada ka haɗa da ni.”

“Ranka ya daɗe, ni da na ƙwato cinyata daga bakin kada, tsumma ne zai gagare ni? Kai dai kada ka shure ni.”

Aka ɗaure, aka buga tambura, aka jefa. Nga Pauk ya bi shi da wuƙa a haƙora. Ruwan ranar ja ne kamar kunu, ba a ganin ko tafin hannu, buhun kuma an yi masa nauyi da duwatsu kamar yadda al'ada ta tanada. Ya laluba ya rasa, ya ƙara nutsawa har kunnuwansa suka yi ƙara, sannan ƙafarsa ta taɓa laushin karammiski. Ya farke shi daga ƙasa, ya finciko ɗan sarki ta gashi, ya bi da shi ƙarƙashin ruwa ya ɓulla a bakin tsibirin da ke tsakiyar kogi. Ya sha shuri, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Masu cewa da igiya aka jawo buhun ƙarya suke yi, ba a haife su ba a lokacin.

Aka yi jana'iza yadda ta kamata, aka fitar da makara ba kowa a ciki ta ƙofar yamma, aka ciyar da sufaye, aka cire sunan Min Lun daga cikin masu rai. Da aka gama sarki ya ce a shirya jirgi zai haye tsibiri ya ga ƙaninsa. Nan masu duban taurari suka zube gabansa, suka ce wanda ke ƙarƙashin farar laima ba ya duban wanda aka yi wa jana'iza, ba ya kuma jin muryarsa. Ranar da ya yi haka maganin ya warware, kogi zai nemi abin da aka yi masa alkawari, kuma wannan karon babu mai bin buhun.

“Me ya hana ku faɗa tun farko?”

“Ranka ya daɗe, ba ka tambaya ba.”

Sarki ya daɗe yana duban tsibirin daga barandar fada, har ana iya hango hayaƙin girkin da ake yi a can. Daga bisani ya ce a mai da jirgi rumfa.

Zamanin mulkinsa

Ya yi mulki shekara talatin da uku, kuma wanda bai ga Tiriwadi a wannan zamani ba bai ga birni ba. Jiragen fatake na kwana a layi suna jiran wurin tsayawa, kifi ya yi arha har karnuka na wuce shi, kowace shekara sarki na riƙe garma da hannunsa bayan fararen shanu a farkon damina, ruwa kuwa bai taɓa ba shi kunya ba sai sau ɗaya. A shekara ta ɗari tara da arba'in da shida ya kori rundunar mutanen kudu da Turawansu na haya a mashigar ruwa, ranar da Nga Pauk ya karɓi harsashinsa a tsaye bai saki filafili ba. A shekara ta ɗari tara da hamsin ya sa aka zuba babbar ƙararrawar tagulla aka rataye a hasumiyar bakin kogi, ya ba da umarni a juya ta yadda amonta zai fi kaiwa gabas. Fadawa suka ce don ibada ne. Matuƙa sun san abin da ke gabas.

An gina wa Min Lun gidan katako a tsibirin, yana noman kabewa da wake, yana kaɗa molonsa. Tun ranar buhu bai sake sa ƙafa a jirgi ba, ko wanka da kwarya yake yi nesa da gaɓa. Duk cikar wata sarki kan sa a kawo akushin lafet, tsimammen ganyen shayin nan da ake ci da riɗi da soyayyar tafarnuwa, wanda masu shari'a ke ba abokan gaba su ci tare alamar magana ta mutu. Sai ya ci rabi, ya tura wa ƙaninsa sauran. Masu duba sun hana kallo da jin murya, amma ba su hana aike ba, don haka Nga Pauk ya zama bakinsu.

“Ce wa mamacin nan, an ce ya yi tumbi.”

“Koma ka ce wa Kunnen Giwa, mutuwa ta karɓe ni. Babu waziri, babu haraji. In yana so ya zo, akwai wuri.”

Nga Pauk bai taɓa rage kalma ɗaya a hanya ba, in ma ya ƙara, gishiri ne kawai. Lokacin da Sarauniya Shin Mya ta rasu a shekara ta ɗari tara da hamsin da biyu, shi ya kai labarin, kuma wannan ce rana ɗaya tak da ya dawo daga tsibiri babu amsa a bakinsa.

Fitinar Letpan

A shekara ta ɗari tara da hamsin da biyar, wato shekarar da ruwa ya ƙi, Hakimin Letpan ya yi tawaye, ya gangaro da jiragen yaƙi, ya sauka a tsibiri da farar laima sabuwa a naɗe. Nga Pauk na nan, ya kawo akushi. Hakimi ya durƙusa ya ce talakawa na kuka, ɗan sarki ya fito ya karɓi gadon ubansa.

Min Lun ya ci gaba da ɓare wakensa. “Kai ɗan wa ne? Ubanka ya ci shinkafar jana'izata, har ya nemi ƙari. Yanzu kai ka zo ka naɗa gawa sarauta? Ɗauki laimarka, rana na dukan mutanenka.”

“Ranka ya daɗe, jirgi na jira.”

“Jirgi? Tambayi Pauk yaushe rabona da jirgi. Ko sarautar sama ce a ƙetare, a kai kasuwa.”

Aka murƙushe tawayen kafin kaka. Amma Waziri Maha Bala, wanda a lokacin sai an riƙe shi yake tafiya, ya sake shigowa da faifan zinariya da jan karammiski a kai, manyan fada kuma suka goya masa baya, suna cewa abin da ya faɗa tun farko ga shi ya tabbata, da sunansa aka yi.

Sarki ya ce, “Waziri, wa za a sa a ciki?”

“Min Lun, ranka ya daɗe.”

“Min Lun ya mutu shekara goma sha biyar da suka wuce, kai ka jagoranci makararsa. In ya mutu, babu wanda za a kashe. In kuwa yana da rai, to ku ba ni jirgi yanzu in je in ga ƙanena. Ku zaɓi ɗaya.”

Waziri ya ajiye faifan. Sarki ya ce a ajiye buhun a taska, kada asu ya ci, zai yi amfani wata rana.

Ƙarshen rayuwarsa

A daminar shekara ta ɗari tara da saba'in da uku ciwon ƙirji ya kwantar da sarki, masu magani suka yi iyakar yinsu suka ja da baya. Da ya fahimci ba tashi zai yi ba, ya tara majalisa, ya miƙa wa babban ɗansa Min Dipa takobi da takalman sarauta, ya karɓi rantsuwarsa a gaban sufaye cewa ƙannensa ba za su ga jan buhu ba, da wasa ko da gaske. Sannan ya ce a rufe laimar da ke kansa. Aka rufe. Ya dubi masu duban taurari.

“Yanzu ni wane ne?”

“Tsoho ne marar lafiya, ranka ya daɗe.”

“To tsoho marar lafiya yana son ganin ƙaninsa. Pauk, me kake jira?”

Kogi ya cika ya tumbatsa a wannan wata, yana tafe da itatuwa da rufin gidaje. Matasan matuƙa suka tsaya kallon juna, Nga Pauk kuwa, da furfurarsa da harsashinsa, ya ɗauki ƙaramin kwalekwale shi kaɗai ya haye. Ya tarar da Min Lun a bakin gaɓa, domin ya hango an sauke tutar fada. Ya dubi ruwan, ya dubi kwalekwalen, kumatunsa suka kumbura kamar yadda suke yi yana yaro.

“Pauk, wannan abin zai kai mu?”

“Na fito da kai daga ƙasansa, samansa ne zai gagare ni? Shiga, ranka ya daɗe, yayanka ba shi da lokacin jiran matsoraci.”

Ya shiga, ya runtse idanu, ya riƙe ƙafar Nga Pauk da hannu biyu har suka isa. Tabon farcensa na nan, ana iya gani.

Aka shigar da shi ta ƙofar gabas, ƙofar masu rai. 'Yan'uwan suka dubi juna. Sarki ne ya fara.

“Kwaɗo, ka tsufa.”

“Kai kuwa, Yaya, komai naka ya ƙanƙance sai kunnuwan.”

Sarki ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Aka kawo akushin lafet, suka sa hannu tare, ba rabi da rabi ba.

Wafatinsa da jana'izarsa

Sarki Min Tazaung ya yi wafati bayan 'yan kwanaki, ranar Litinin da safe, cikin watan Waso na shekara ta ɗari tara da saba'in da uku, yana da shekara sittin da ɗaya, kansa na bisa cinyar ƙaninsa. Aka ƙona gawarsa bisa itacen ƙamshi a filin yamma da fada, aka tsince ƙasusuwan aka wanke da ruwan turare, aka ɗauko jan buhun nan da ya ce a ajiye, aka zuba, domin sarakunan gidan nan duka kogi ke komawa. Da aka zo kan wanda zai ɗauka, manyan fada suka noƙe don gudun ƙazantar gawa, sai Min Lun ya miƙa hannu ya ce shi da aka riga aka yi wa jana'iza babu abin da zai taɓa shi. Ya shiga jirgin sarki idanunsa a buɗe, Nga Pauk na riƙe da filafilin baya, aka tsaya daidai wurin da aka tsaya shekara talatin da uku da suka gabata. Bai jefa ba. Ya sunkuya ya sa buhun a ruwa a hankali, ya ce, “Yaya, cika ciki da iska.” Sannan ya saki.

Marigayin ya bar babbar sarauniyarsa Shin Nwe da 'ya'ya bakwai. Maza uku: Sarki Min Dipa, wanda ke ƙarƙashin laima a yau, Min Zeya, mai cin ƙasar Kanbe, da Min Okka, wanda ya zaɓi rawayen mayafin sufaye. Dukansu suna da rai, suna kuma ganin juna. Mata huɗu: Shin Kalya, Shin Yati, Shin Mala da Shin Pwa, autarsu. Ya kuma bar ƙane ɗaya, wanda marubutan fada ba sa lissafawa saboda a wurinsu ya daɗe da mutuwa. Yana nan a tsibirinsa yana noman wake. Duk cikar wata Nga Pauk kan haye masa da akushin lafet, ya ci rabi, ya tura sauran bakin ruwa.